Asubar Manomi Da Asubar Lebura

 

Kowace shekara, da zarar an yanke dawa an ɗaure an kai rumbu, sai samarinmu su fara haɗa 'yan komatsansu za su cin rani. Waɗansu su yi Kaduna, waɗansu Abuja, amma masu yawa Kano suke dosa, neman aikin ƙarfi a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Yanzu ma har da 'yan mata da zawarawa. Mukan sallame su da ɗan gari da ƙuli-ƙuli da kuɗin mota, mu bi su da nasiha har tasha: kada ka yi sata, kada ka shiga faɗa, ka riƙa aiko da saƙo. Abu ɗaya ne ba mu cika ba su ba, watau yadda mutum zai fara yininsa da Allah a wurin da babu mai tashinsa. Ni a ganina wannan sakaci ne babba, kuma kuskure ne a ce aikin fasto ne shi kaɗai. Aikin ƙungiyar manoma ne, daidai da neman iri da taki, gama ƙarfin da ya tafi Kano da rani shi ne ƙarfin da muke jira ya dawo ya riƙe garma da damina. In ya dawo a lalace, gonarmu ce ta lalace.

Bari in bayyana wuraren tukuna, saboda iyayenmu da ba su taɓa zuwa ba. Bompai ita ce babba a shekaru, tana arewa maso gabas da birni, kuma tun zamanin Turawa aka fara kafa injuna a can, lokacin da gyaɗa take sarauta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan gyaɗar talakawa ta kama hanyar bakin teku, har aka riƙa jera buhuna ana yin dalar gyaɗa. Sharaɗa ta bunƙasa cikin shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Challawa kuwa tana can kudu wajen Panshekara, kusa da kogin da ta ci sunansa. A wancan zamani akwai masaƙu da injunan matse man gyaɗa da sauran ma'aikatu masu ɗaukar mutane birjik. Sai aka yi farin 1973, kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, dalar gyaɗa ta ɓace. A 1986 aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu wanda aka fi sani da SAP, naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada, wutar lantarki ta ƙi zama, yadin waje mai arha ya cika Kantin Kwari. Masaƙu da yawa suka rufe. Wanda ya zaga Sharaɗa zai ga gine-ginen da ciyawa ta cinye ƙofarsu, waɗansu kuma an mai da su wurin ajiyar kaya. Amma ba duka suka mutu ba. Akwai masu jimar fata, masu yin kayan roba da tabarmi da takalma, masu casar shinkafa, masu matse mai, da wuraren da mata suke tsince riɗi da zoɓo kafin a fitar da su waje.

Galibin yaranmu ba aikin dindindin suke samu ba. Leburanci ne na yini-yini: a tsaya bakin ƙofar kamfani tun da duhu-duhu, heluma ya fito ya nuna wanda ya nuna, sauran su juya. A 2024 gwamnati ta sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata, amma wanda sunansa ba ya cikin littafin kamfani, da wuya wannan doka ta san da zamansa. Duk lokacin da na karanta misalin nan na Matiyu sura 20, na mai gonar inabi da ya fita da sassafe neman ma'aikata, ya kuma tarar da waɗansu har yamma suna tsaye ba wanda ya ɗauke su, bakin ƙofofin nan nake tunawa.

To, a ƙauye ba mutum ne yake riƙe da asuba ba, asuba ce take riƙe da mutum. Zakara zai yi cara. Mai bishara zai buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a itacen majami'a. Taɓaryar uwa za ta fara amo. Shanun noma suna jira, kowa ya san in ba a ɗaura musu garma da sanyin safiya ba, hantsi yana yi za su ƙi tafiya. Uba zai tara gida a karanta aya a yi addu'a, yaro yana gyangyaɗi yana amsa amin. Ya girma cikin wannan shekara ashirin, mu kuwa muna tsammani ya iya addu'a. Ashe ɗaukarsa ake yi, kamar ɗan da ke goye, bai taɓa taka ƙasa da ƙafarsa ba.

Ranar da ya sauka Kano sai duk abin nan ya yanke. Ɗaki ɗaya mutum biyar ko shida, wani ya dawo daga aikin kwana yana neman wurin kwanciya, wani yana neman takalminsa cikin duhu. Masana'antu da yawa ba su kwana: ayari ɗaya ya shiga da safe, wani da rana, wani da dare, ana juya su mako-mako. Ga layin banɗaki, ga layin famfo, ga kuɗin a-daidaita-sahu da ya hau tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, har ya zama dole a taka da ƙafa. Mai latti kuwa an ba wani gurbinsa. Cikin wannan hanzari abin da ake fara yarwa shi ne abin da ba wanda zai tambaye ka a kansa. Heluma zai tambayi dalilin latti, mai ɗaki zai tambayi kuɗin haya, amma ba wanda zai ce, yau ka yi addu'a?

Masu lambu a cikinku sun san abin da nake nufi. Irin tumatir da aka rena ƙarƙashin rumfa, ana ba shi ruwa safe da yamma, in aka cire shi kai tsaye aka dasa a fili, rana ɗaya sai ya kwanta. Shi ya sa muke koya muku cewa kamar mako guda kafin dashe a janye inuwa a rage ruwa, domin ya saba da rana tun yana gida. Haka ya kamata a yi wa bangaskiyar yaro. Tun yana shekara goma sha biyu ko sha uku uba ya riƙa ce masa, yau kai za ka bi da mu cikin addu'a. In ya ƙara girma a bar shi ya tashi da kansa, ya karanta da kansa, a tambaye shi daga baya abin da ya samu. Laifin ba na Kano ba ne. Tun daga gida ba mu janye rumfa ba.

Akwai abin da yaranmu suke gani a can wanda ya isa ya ba mu kunya mai amfani. Kafin gari ya waye ladan zai kira salla, maƙwabcinsu Musulmi, wanda shi ma lebura ne, shi ma ya kwana da gajiya iri ɗaya, zai tashi cikin sanyin hunturu ya yi alwala ya tafi masallaci, sa'an nan ya kama hanyar aiki. Bai ce gajiya ta yi yawa ba. Ban kawo wannan don a yi gasa ba, kowa da hanyarsa. Na kawo shi ne domin ya rushe hujjar nan da muke ji kullum, wai aikin kamfani ba ya barin lokaci. Mu da muka sami dukan Littafi Mai Tsarki cikin Hausa tun 1932, yanzu kuma ga shi cikin waya har da murya ga wanda bai iya karatu ba, ba mu da abin fakewa.

Na san wani zai ce, Malam, ai Allah ba ya barci, ko da tsakar rana ka kira shi zai ji, me ya sa lalle sai da safe? Gaskiya ne zai ji. Ba don Allah ake zaɓen safiya ba, don mu ne. Da safe ne zuciya take kamar gonar da aka share ba a shuka ba tukuna, abin da ya fara faɗawa ciki shi zai riga tsiro. In fushin jiya ne ya fara faɗawa, ko lissafin bashi, ko abin da ka gani cikin waya tun kana kwance, shi za ka yini kana nome wa. A Littafin Fitowa sura 16 an ba da labarin manna, abincin da Isra'ilawa suke tsinta a jeji kowace safiya. In rana ta yi zafi sai ya narke, wanda ya ɓoye na yau domin gobe kuwa sai ya tarar ya yi tsutsa. Markus kuma, a sura 1 aya 35, ya nuna mana Ubangiji kansa, bayan yini na aiki mai nauyi a Kafarnahum, ya tashi tun da sauran duhu ya keɓe yana addu'a. Wanda yake aikin kwana kada wannan ya dame shi. Lokacin da ka buɗe ido za ka fara naka yini, ko da la'asar ne, shi ne asubarka.

Wani abu kuma wanda ba a son faɗa a majami'a, amma dole in faɗa. Kowane lebura yana da abin da yake fara yini da shi. Wanda bai fara da addu'a ba, sau da yawa da ƙwaya yake farawa. Tiramadol da 'yan'uwansa sun zama karin kumallon masu aikin ƙarfi, wai don kada a ji nauyin buhu. A 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan an tona yadda yake cinye matasa, a Kano da wurare da dama, amma ƙwaya ba ta ƙare ba. Kada kuma mu nuna birni da yatsa, gama ƙwayar nan ta riga ta iso gonakinmu, akwai masu haɗiya kafin su fita gayya ko ƙwadago. Ƙarfin aro ne, kuma mai shi yakan karɓi abinsa da riba: jiki ya saba, guda ɗaya ta daina isa, kuɗin taki ya tafi wurin mai kemis, wani har farfaɗiya ta kama shi. Yaron da ya saba durƙusawa da safe ya ce, ga gajiyata, ga tsorona, ka ba ni ƙarfin yau, yana da inda zai kai nauyinsa. Ban ce addu'a za ta hana ciwon baya ba. Na ce tana hana mutum ya sayar da gobe don ya sayi yau.

Amma wace irin addu'a? Nan ne nake da magana da waɗansu 'yan'uwanmu. Akwai wata sabuwar al'ada ta mai da addu'ar safe kamar laya: a tashi a yi ta ihu, a yi ta ɗaure maƙiya, a umarci yini ya kawo kuɗi, sa'an nan a fita a yi abin da aka ga dama. Kakanninmu sun ƙone layunsu sa'ad da suka karɓi bishara, bai kamata mu ɗinka sababbi da ayoyi ba. Ban da haka, mai ihu da asuba cikin gidan haya yana hana ɗan'uwansa da ya dawo daga aikin kwana barci, yana kuma jawo wa kansa ƙiyayyar maƙwabta a banza. Matiyu sura 6 ta riga ta koya mana shiga ɗaki da rufe ƙofa. Wanda ba shi da ɗaki nasa, gefen tabarmarsa ya isa, ko hanyar da yake takawa zuwa aiki.

Addu'ar da nake so mu koya wa yaranmu da godiya take farawa, godiya kuwa mai kiran abu da sunansa. Cewa mun gode don kome da kome abu ne mai sauƙi, baki yakan faɗe shi zuciya tana wani wuri. Amma ka ce, na gode don na tashi da yatsuna goma, a wurin da inji yake cin yatsu. Na gode don jiya an ɗauke ni. Na gode don ruwan da na sha. In mutum ya fara kiran abubuwa da sunansu haka, sai idonsa ya buɗe a kansu, daga nan kuma ba ya iya wulakanta su cikin sauƙi. Bari in tsaya a kan ruwa, domin shi ne igiyar da ta ɗaure masana'antun nan da mu manoma, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Fatar akuya da ta tunkiya da muke sayarwa a kasuwannin ƙauye, da yawa a Challawa da Sharaɗa take ƙarewa. Majeman gargajiya, irin na Ƙofar Wambai, da bagaruwa suke jima. Kamfanonin zamani kuwa gishiri suke amfani da shi, da farar ƙasa da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai don cire gashi, sa'an nan sinadarin kuromiyam don jimar kanta. Aikin yana shan ruwa mai yawa, ruwan kuma dole ya fita. Na Sharaɗa yakan bi rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa, na Challawa ma can ya nufa, Kogin Challawa kuwa ya haɗu da Kogin Kano su gangara wajen Haɗeja. Na Bompai yakan bi rafin Getsi ya haɗu da Jakara, su tafi madatsar ruwa ta Wasai a ƙasar Minjibir. A bakin rafukan nan akwai masu noman rani da suke ban ruwa da wannan ruwa: latas, alayyafo, kabeji, karas, albasa. Abin da ke yaudarar manomi shi ne, ruwan ƙazanta yana ɗauke da abin da ke sa ganye ya yi kore shar, sai ya ga kamar ya sami taki kyauta. Amma masu bincike, har da na Jami'ar Bayero, sun sha auna ruwan da ƙasar da ganyen, suna samun kuromiyam da waɗansu ƙarafa masu guba. Irin wannan guba wanki ba ya fitar da ita duka, dahuwa ba ta kashe ta, ba ta kuma kayar da mutum rana ɗaya, taruwa take yi a jiki a hankali. Gishirin kuma yana kashe ƙasa. Da asuba ake yanke ganyen nan a kai kasuwa irin ta 'Yankaba, da rana yaronmu ya saye shi cikin abincin da yake ci a bakin kamfani.

Masu lambun nan talakawa ne kamarmu, ba su da wani ruwan, ban zo in la'ance su ba. Tun 2007 akwai hukumar NESREA wadda aka ɗora wa tsare dokokin muhalli, doka kuma ta ce kamfani ya tace ruwansa kafin ya sake shi. Abin da nake tambaya shi ne, Kirista da yake aiki a ciki fa? Gama ba leburori kaɗai muke da su a can ba. Cikin 'ya'yan da ƙungiyoyinmu suka sayar da hatsi suka biya musu makaranta akwai masu kula da inji, akwai masu auna sinadari, akwai helumomi. Mutum ba zai gode wa Allah don ruwa da ƙarfe biyar ba, da ƙarfe bakwai kuma ya buɗe bututun dafi zuwa rafin da wani zai sha, zuciyarsa ba ta ce masa kome ba. In kuwa ba ta ce masa kome ba, to, abin da ya yi da ƙarfe biyar ba godiya ba ce. Wataƙila ba shi da ikon hanawa. Amma yana da bakin faɗa wa na sama da shi, yana da hannun da zai ƙi rubuta ƙarya a takardar awo. Littafin Farawa sura 2 ya ce aiki biyu aka ba mutum a gonar Adnin, nomanta da kiyaye ta, mu kuwa na farkon kaɗai muka riƙe.

Kada mu manoma mu ji daɗi mu ce ga masu laifi can a birni. Namu bututun yana rataye a bayanmu, shi ne injin feshi. A jikin kowace kwalbar maganin ƙwari an rubuta kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a ɗebi amfani. Mu nawa ne muke karantawa? Akwai mai fesa tumatir da yamma ya tsinke da safe don kada kasuwa ta wuce shi, kuma kafin ya fita ya tara iyalinsa sun yi addu'a Allah ya sa albarka. Akwai mai zuba maganin feshi cikin buhun wake don kada ƙwari su ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Su sun auna sun ƙi, 'ya'yanmu kuwa ba mai auna musu. Alhali ga buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda in an ɗaure shi da kyau ƙwari suke mutuwa don rashin iska, ba tare da ɗigon magani ba. Ƙungiya tana iya saye da yawa ta raba wa membobi a kan farashi mai sauƙi.

Godiya kuma ba ta nufin yin shiru a kan zalunci. Na faɗi wannan ne domin akwai masu gaya wa lebura, ai ka gode wa Allah ka sami aiki, don su rufe masa baki. Na taɓa ganin hannun wani saurayi daga ɗaya cikin ƙungiyoyinmu, wanda ya yi rani guda yana tsamo fata daga ramin farar ƙasa ba safar hannu. Tafinsa ya tsattsage har bai iya riƙe ƙotar fartanya ba sai da damina ta yi nisa. Da na tambaye shi me ya hana shi roƙon safar hannu da dogon takalmin roba, sai ya ce, Malam, kada a ce ba ni da godiya. Wannan ba koyarwar Littafi ba ce. Yakubu sura 5 ta yi magana mai zafi a kan masu danne hakkin ma'aikatan da suka yi musu girbi. Wanda ya gode wa Allah don hannuwansa da safe, shi ne ya fi kowa dalilin neman abin da zai kāre su, cikin ladabi, ba da faɗa ba, gara kuma su je su uku ko huɗu da ya je shi kaɗai.

Bayan godiya sai nufi. Yaro ya tambayi kansa a gaban Allah kowace safiya, me ya kawo ni garin nan? Birni yana da gwanintar mantar da mutum wannan tambaya. Ya zo neman kuɗin buhu uku na taki, ko ɗan maraƙi, ko kwanon rufi, ko sadaki, sai ga cacar ƙwallo cikin waya, ga sabon takalmi, ga abokai. Watan Mayu ya shigo, hadari ya fara haɗuwa, shi kuwa ko kuɗin motar komawa ba shi da shi, kunya ta hana shi dawowa, tsoho ya shiga gona shi kaɗai. Nufin da ba a ambata kullum yakan shuɗe. Shi ya sa nake so kafin yaro ya tafi ya faɗi abin da zai nema da bakinsa a gaban iyayensa da ma'ajin ƙungiya, da adadinsa, da watan da zai dawo, sa'an nan ya riƙa sa shi cikin addu'arsa. Bayan wannan kuma akwai nufin da ya fi taki girma. A cikin kamfani ba wanda zai karanta Littafinmu, yaron nan za su karanta: ko yana aiki in heluma ya juya baya, ko yana ɓoye kaya cikin riga, ko yana taimakon sabon zuwa, Musulmi ne ko Kirista. Duka wannan bai fi minti goma ba, aya ɗaya ko biyu, godiya, roƙo, da ambaton waɗanda aka bari a gida.

Abin da ya rage namu ne. Ina roƙon kowace ƙungiya, a taronta na gaba, magatakarda ya rubuta sunayen dukan waɗanda suka tafi cin rani da inda suke. A roƙi fasto ya ba kowane mai tafiya takardar gabatarwa zuwa wata ikilisiya a can, gama akwai masu sujada da Hausa a Sabon Gari da waɗansu unguwanni, kada yaro ya yi wata biyar ba wanda ya san shi. Waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya a naɗa musu babba a cikinsu wanda zai riƙa tashin sauran. Ma'aji ya buɗe wa kowane yaro shafi a littafin ajiya, abin da ya turo ta waya a rubuta da sunansa, kada ya narke cikin cefanen gida, in lokacin sayen taki ya yi a haɗa da na ƙungiya a saya a dunƙule. Iyaye mata na Zumunta kuma, ku da kuka fi mu tashi da wuri, ku raba sunayen 'yan matan da suke can a tsakaninku, kowace uwa ta ɗauki ɗaya ko biyu, ta riƙa kiranta ko da sau ɗaya ne a mako. Kuɗin kati kaɗan ne, ana iya cire shi daga asusun ƙungiya.

Ƙungiyar da take son a zo a nuna mata yadda ake ɗaure buhun PICS, ko yadda ake karanta rubutun jikin kwalbar magani, ta aiko da saƙo ta hannun magatakardanta kafin a gama sussukar wake.

Naku cikin aikin Ubangiji,
Malamin Gona